ZAUREN IYALI: Ribar Da Ta Cinye Gobe Asara Ce

   

A wannan wata za mu ɗan bar ɗaki da madafa mu leƙa kasuwa. Na san wata za ta ce, "To, ina ruwan biri da gada? Mu da muke cikin gida, me ya haɗa mu da zancen 'yan kasuwa da kamfanoni?" Ki yi haƙuri 'yar'uwa ki biyo ni a hankali. Duk abin da aka auna a kasuwa a tukunyarki zai ƙare. In an yi algus a cikinsa, ɗanki ne zai ci. In an tauye mudu, tuwonki ne zai gaza. In ciwo ya biyo baya, ke ce za ki kwana a zaune riƙe da yaro. Saboda haka tambayar da za mu yi yau tamu ce: wai shin don me ake kafa kasuwanci? Don mai shi ya ci riba kawai, ko kuwa akwai haƙƙin gari da na 'ya'yan gari a kansa?

Musun da Turawa suka daɗe suna yi

Wannan tambaya ta daɗe tana raba kan masana a ƙasashen Turawa. A shekarar 1970 wani shahararren masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Milton Friedman, ya yi wani rubutu a jaridar New York Times inda ya nuna cewa nauyin da ke kan kamfani shi ne ya ƙara wa masu hannun jari riba, muddin bai karya doka ba, bai kuma yi yaudara ba. Gyaran al'umma kuwa, a ganinsa, aikin gwamnati ne da ɗaiɗaikun mutane. Manyan kamfanoni sun yi shekaru suna tafiya a kan wannan fahimta. Sai a watan Agusta na 2019 shugabannin manyan kamfanonin Amurka su 181 suka sa hannu a wata takarda, suka amsa cewa ma'aikaci da mai saye da mai kawo kaya da garin da kamfani ke zaune a cikinsa duk suna da haƙƙi a kansa. Kafin nan, a 2015, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa, wato ci gaban da mutanen yau za su amfana ba tare da sun cinye rabon jikokinsu ba.

Mu Musulmi ba sai mun jira 2019 ba. Akwai sura guda a cikin Alƙur'ani mai girma, Suratul Muɗaffifina, wadda ta buɗe da narko a kan masu tauye awo. An ba mu labarin mutanen Madyana, jama'ar Annabi Shu'aibu (AS), waɗanda aka halaka, kuma tauye mudu da sikeli na cikin manyan laifukansu. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa alhali sama a bushe, nan take ya tsawata masa, ya nuna mai ha'inci ba ya kan tafarkinmu. Kuma kada ki manta, uwarmu Nana Khadija (RA) babbar 'yar kasuwa ce, abin da ya fara jan hankalinta ga Annabi (SAW) kuwa shi ne gaskiya da riƙon amanar da ya nuna a kan dukiyarta. Ashe ke nan a wurinmu riba halal ce, neman ta ma ibada ne, amma kasuwanci amana ne kafin ya zama komai.

Tafiyar buhu daga Sundimina

Don kada zancen ya tsaya a sama, bari mu sauko ƙasa mu ɗauki misali da Sundimina, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu a kudancin Jihar Jigawa, maƙwabciyar ƙasar Gwaram. Ƙasa ce ta noma da kiwo. Ana noma gero da dawa da masara da gyaɗa da wake, ga kuma riɗi da zoɓo, waɗanda Jigawa ta yi suna a kansu a duk faɗin Nijeriya. Da kaka ta yi, buhu zai bar gona ya shiga gida, daga gida ya nufi kasuwar ƙauye ko ta Birnin Kudu ko ta Sara a ƙasar Gwaram. Daga nan dillalai su tara, a loda a manyan motoci zuwa kasuwar Dawanau a Kano, wani kuma ya zarce tashar jirgin ruwa a Legas. Riɗinmu yana kaiwa Japan da Sin da Turkiyya. Zoɓonmu yana kaiwa har ƙasar Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi a nan.

To, wa ya yi wahalar wannan buhu? Maigida ya yi huɗa da noma, babu musu. Amma wa ya yi sussuka da casa da shiƙa? Wa ya zauna yana ɓare zoɓo, ƙaiƙayi na cin hannunsa har dare? Wa ya tsince tsakuwa daga wake? Mace ce da 'ya'yanta. Gumin mace na cikin kowane buhu da ya hau mota. Amma a wajen yanke farashi ba a jin muryarta, kuma in an ɓata kayan a hanya ba a tambayar ta. Shi ya sa ya kamata ta san abin da ke faruwa da buhun bayan ya bar ƙofar gidanta.

Wake da fiya-fiya

Kowace uwargida ta san wake ba ya jure ajiya. Wata biyu ko uku in ba a yi dabara ba, ƙwari sun huda shi sun mai da shi gari. Ɗan kasuwa kuwa yana so ya saya da arha a kaka, ya ajiye, ya sayar da tsada in an shiga bazara ko damina. Har nan babu laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne hanyar ajiyar. Wasu sai su ɗauko fiya-fiya, maganin da aka yi don feshin gona da kashe ƙwari, su yayyafa a kan waken da mutum zai ci, su ɗinke buhu. Ƙwaro ya mutu, wake ya yi kyau a ido, riba ta tabbata. Amma guba tana nan.

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda sun auna sun tarar da sinadarin da ke cikin fiya-fiya ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba, daga baya ma suka ƙara wa'adin hanin. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irin wannan magani a ƙananan kwalabe da kuma cikin kasuwanni barkatai. Yanzu ki tsaya ki yi tunani. Su Turawa suna da na'urar awo a bakin iyakarsu, sun ce ba sa so. Waken da suka ƙi ina ya tafi? Ba a zubar da shi a teku ba. Irinsa ne ke yawo a kasuwanninmu, shi ake yin ƙosai da alale da shinkafa da wake a ba yara su tafi makaranta.

Ki lura da alamomin wannan guba: amai da gudawa, yawan dalalar miyau, gumi, jiri, da wahalar numfashi jim kaɗan bayan cin abinci, musamman in mutum fiye da ɗaya suka kamu a gida. In kin ga haka kada ki tsaya ɗura manja ko madara, a garzaya asibiti mafi kusa. Mutanen wannan yanki Allah Ya hore musu Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, amma ai rigakafi ya fi magani.

Ga abin da zai ba ki sha'awa. Matsalar da wani ɗan kasuwa ya magance da guba, wani kasuwancin ya magance ta ba tare da cutar da kowa ba. Akwai buhun da ake kira PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Buhu ne mai rufi uku: leda biyu masu kauri a ciki, sai buhu na yau da kullum a waje. Za a busar da wake sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Da iska ta ƙare ƙwarin ciki sai su mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. In ba a huda ledar ba ana iya sake amfani da shi a kaka ta gaba. Wanda ya yi buhun ya ci riba, wanda ya sayar da shi ya ci riba, mai waken ya ci riba, yaron da ya ci ƙosai kuma ya kwana lafiya. Kin ga bambancin kasuwanci biyu? Dukkansu sun samu kuɗi, amma ɗaya ya samu da albarka, ɗaya kuma ya ɗauki alhakin mutanen da bai taɓa gani ba. Ko jarka mai murfi da ba ta shan iska, ko dabarar iyayenmu ta toka da barkono, sun fi fiya-fiya sau dubu.

Mudu biyu da bashin kaka

Sai zancen awo. Kowa ya san akwai masu mudu biyu, na saye daban, na sayarwa daban. In za su karɓa daga hannun manomi, kwanon an buɗa shi, a cika a yi masa tozo har da tallafa hannu. In za su sayar wa uwargida, an bubbuge gindin kwanon ya shige ciki. Tsakanin wancan kwano da wannan, abincin gidaje ne ke salwanta. Akwai kuma masu tare manoma a hanya kafin su isa kasuwa su san farashi, abin da Annabi (SAW) ya hana tun a Madina. Akwai masu ɓoye abinci da gangan a lokacin da jama'a ke cikin matsi don ya yi tsada, shi ma an yi hani a kansa.

Wanda ya fi cin gidaje a ɓoye shi ne bashin da ake ci da damina a biya da kaka. Watan Agusta rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki, ga zazzaɓin yara. Sai maigida ya je wurin mai hali ya karɓi abin da ya samu, a kan zai biya da buhu in an yi girbi. Shari'a ta yarda a biya kuɗin kaya tun kafin su zo, in an fayyace awo da lokaci, don a sauƙaƙa wa manomi. Amma a ba ka buhu ɗaya ka mayar da biyu, wannan riba ce irin wadda Allah Ya haramta. Wanda kuma ya ga ɗan'uwansa a matse ya karya masa farashi har ƙasa, ko ya tsira a gaban alƙali, sai ya tambayi zuciyarsa. Manomin da aka tatse bana ba zai iya sayen taki baɗi ba. In ya gaji ya sayar da gonar ya tafi ci-rani Kano ko Legas, wa zai noma wa ɗan kasuwar abin da zai saya? Mai tatsar saniya har ya hana maraƙi sha, garkensa yake ƙararwa.

Tarihi ma ya nuna mana. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa, har aka riƙa jera dalar gyaɗa, attajirai irin su Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, suka yi suna a duniya. Daga baya hukumomin sayen amfanin gona suka riƙa biyan manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya. Da fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ga kuma hankalin gwamnati ya koma kan man fetur, sai dala ta zama labari. Riɗi da zoɓo su ne gyaɗar wannan zamani. In ba a kula da manomi da ƙasar da yake nomawa ba, abin da ya ci doma ba ya barin awai.

Ɗorawa ko buhun gawayi

Kudancin Jigawa ya fi arewacinta samun ruwa da yawan itatuwa. Wannan ni'ima ce, amma ita ce kuma ke jawo masu sana'ar gawayi da itacen girki, tunda birane na buƙata, iskar gas da kananzir kuwa sun yi tsada. Ba na zagin mai neman halaliyarsa. Amma mu yi lissafi irin na mata. Bishiyar ɗorawa ɗaya, in an sare ta an ƙona, buhunan gawayi kaɗan za ta bayar, a sayar a kashe kuɗin cikin mako guda. In an bar ta a tsaye fa? Kowace shekara za ta ba da kalwa a yi daddawa, ta ba da garin ɗorawa yara su sha. Kuka ta ba da miya, tsamiya ta ba da kunu, kaɗanya ta ba da mai, gawo ya zubar da ganye da damina ya taƙa gona, ya ba dabbobi abinci da rani. Yawancin waɗannan kuwa sana'ar mata ce. Duk ɗorawar da ta faɗi, jarin wata uwa ne ya faɗi, kuma sai an yi shekaru masu yawa kafin wata ta girma ta maye gurbinta.

Jigawa na cikin jihohi 11 na Arewa da ake aikin dashen itatuwa don tare hamada. Mun kuma ga irin ɓarnar da ambaliya ta yi a jihar a 2022, gidaje suka rushe, gonaki suka nutse. Itace ba ya hana ruwan sama sauka, amma saiwarsa na riƙe ƙasa, tana rage zaizaya da gudun ruwa. Saboda haka duk sana'ar da ke sara ba ta dasawa, bashi take ci da sunan jikokinmu, kuma ba su sa hannu ba.

Kyauta ba ta wanke zalunci

Yanzu an shiga yayin da kamfani ko attajiri zai raba shinkafa da atamfa da azumi, ko ya haƙa rijiyar burtsatse ya kafa allo da sunansa. Madalla, Allah Ya saka da alheri. Sayyidina Usman bin Affan (RA) ya sayi rijiyar Ruma a Madina da dukiyarsa ya bar wa jama'a su sha kyauta, ana ambatonsa da ita har yau. Amma dukiyar Usman ta halal ce tun daga tushe. Abin dubawa na farko shi ne yadda aka samo kuɗin, kafin a zo ga yadda aka raba su. Zakka ma, kashi biyu da rabi cikin ɗari na dukiyar ciniki, haƙƙin talaka ne da Allah Ya wajabta, mai bayarwa ba gwaninta ya yi ba.

Iyaye mata ba za su manta da 2008 ba, lokacin da wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda wani kamfani a Legas ya haɗa, ya gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, yara aƙalla 84 suka rasu. Ba za mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda aka riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gidaje ana daka su ana niƙawa a tsakar gida, ƙurar dalma ta shiga jikin yara, fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum. Masu sayen zinariyar sun karɓi kayansu sun wuce, iyaye mata aka bari da kaburbura. Buhun shinkafa nawa za a raba ya biya ran yaro ɗaya?

Don haka in wani kamfani ya zo garinku yana neman fili ko yana son a noma masa wani abu, ki ja hankalin maigida da 'yan'uwanki maza su yi tambaya kafin su sa hannu. Shekara nawa za a riƙe gonar? Wa zai yanke farashi, kuma yaushe? In damina ta ƙi, wa zai ɗauki asara? Ruwan da za su yi amfani da shi daga ina, dattinsu kuma ina za a zuba? 'Ya'yan gari za su samu aiki na dindindin ko sai dako da gadi? In gonar gado ce, ki sani kina da kasonki da Allah Ya yanka miki, ba a sayarwa ko a jinginar ba da yardarki ba. A rubuta komai, a sa shaidu, kamar yadda addini ya koyar a kan bashi.

Mu ma 'yan kasuwa ne

To 'yar'uwa, kada mu nuna wa attajirai yatsa mu manta sauran yatsun na kallonmu. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai daddawa, mai awara, mai fura, mai ɗinki, mai saƙar hula, mai sayar da atamfa a ɗaki ko ta waya, kowace kamfani ce a gidanta. Hukuncin da ya hau babban ɗan kasuwa ya hau ta. Man da aka soya abu da shi har ya yi baƙi a ci gaba da amfani da shi, garin da aka ƙara wa abin da ba a faɗa ba, ruwan da ba a damu da tsabtarsa ba a dama zoɓon sayarwa, kayan da aka san da aibi aka ɓoye, duk danshin nan ne na ƙarƙashin tsibin hatsi.

Sai babban al'amari, wato talla. Na san ba don jin daɗi uwa ke ɗora wa 'yarta faranti ba. Da ribar ake sayen sabulu da omo, da ita ake tara kayan ɗaki. Amma mu yi wa kanmu adalci mu sa komai a sikeli. Yarinya 'yar shekara goma tana yawo a tasha da bakin kasuwa a lokacin da sa'o'inta ke aji, wani lokaci har bayan magariba, cikin mazan da ba ki san halinsu ba. Ribar farantin ta yau ce, abin da yarinyar ta rasa kuwa na tsawon rai ne. Gobe in kina neman likita mace ko ungozoma da za ta duba ki a Birnin Kudu ko Gwaram, daga ina za ta fito in duk 'yan matan suna tasha? Akwai mafita in an so. A sayar daga cikin gida, a haɗa kai da mai shago a unguwa ya karɓa a kan sari, mata biyar ko goma su haɗa kayansu su ba dattijuwa amintacciya ta kai kasuwa a biya ta ladanta. In kuma dole ce ta sa, to kada talla ta ci lokacin boko da Islamiyya, kada ta kai dare, kada ta wuce unguwa.

Abin da ke hannunmu

Kada ki raina ƙarfinki. Kuɗin cefane ta hannunki suke bi ko da shawararki. In za a sayo wake ko hatsi, a sansana, in yana warin magani a bar shi komai arharsa. In kin samu mai awo na gaskiya ki riƙe shi, ki gaya wa maƙwabta, domin ciniki shi ne ladan da mai gaskiya ke gani tun a duniya. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin magani da abincin gwangwani. In kuna adashi, ku gwada zubi ɗaya ku sayi buhunan ajiya marasa magani, ku sayi wake da kaka ku ajiye da kanku, kun huta da guba kun huta da tsadar bazara. Ku riƙa taimakon juna da rance marar ruwa a watan Agusta, don kada maigida ya faɗa hannun mai jiran kaka. Ki rage itacen da kike ƙonawa da murhu mai tattali, ki dasa ko zogale ne da dalbejiya a gida, ki kuma daina zubar da leda a kwata, tana toshe magudanar ruwa, tana kashe awaki in sun haɗiya.

In maigidanki ɗan kasuwa ne, ke ce kika fi kowa kusa da kunnensa. Ki nuna masa cikin ladabi da hikima cewa kin fi son kaɗan mai albarka a kan mai yawa da alhakin mutane. Wani namijin yawan buƙatun gida ne ke tura shi ga algus, to kada ki zama sanadi.

Sannan tarbiyya. Alhaji Aliko Dangote, wanda ya yi shekaru ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka, a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya yi karatun sakandare. Wato manyan 'yan kasuwar gobe suna nan cikin yaran da ke wasa a tsakar gidajenmu a Sundimina da Sara da Gwaram. Abin da za su ɗauka game da kuɗi a wurinki za su fara gani. In kin aiki yaro ya dawo da canjin da ya wuce ƙa'ida, ki sa shi ya mayar. In ya ga kina cika mudu ko mai saye ba ya kallo, ya koyi darasin da babu jami'ar da za ta koya masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mazajenmu da 'ya'yanmu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu daga cin haram da ciyar da shi, Ya ba mu damina mai albarka da zuriya ɗayyiba. Ina jiran wasiƙunku, musamman daga 'yan'uwa masu sana'a a gida, ku gaya mana dabarun da kuke bi wajen ajiyar amfanin gona da sayar da kaya ba tare da talla ba, don wasu su amfana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.